Ƙasan Shafi na Shida

Takardu biyu a teburin kicin,
kofin shayi ya yi wa ɗaya zobe.
A waje ƙanƙara ta binne gonakin masarar Iowa.
Masana'antar cuku ta rufe tun Oktoba;
shekara goma sha tara ina naɗe cuku a leda,
aka sallame mu da kwali ɗaya da musafaha.

Takardar farko akwai fara'a.
Wani Brantley, muryarsa zuma a waya,
ya ce, "Marlys, ko sisi ba za ki biya ba.
Mu koya miki tuƙi, mu ba ki ɗaki, mu ba ki tirela."
Na sa tabarau, na gangara ƙasan shafi na shida
inda haruffa suka koma kiyashi:
wata goma sha huɗu ba fita,
in kin fita, dala dubu bakwai da ruwanta.
Ashe tsokar da ƙugiya a cikinta.

Yayana Orrin ya taɓa haɗiye irinta.
Mako biyar bai ga ƙofar gidansa ba,
ya ci Kirsimeti a bakin wani sito a Laredo,
shi da gwangwanin wake da cokalin roba.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta...
Ni ba ni da gemu,
amma na shafa ruwa.

Takarda ta biyu ba ta murmushi:
kwalejin garinmu, mako shida,
dubu huɗu da ɗari biyu, kuɗi hannu.
Na buɗe gareji, na yaye tamfol.
Jirgin kamun kifin Baba, kore, da tsaga a gefe,
har yanzu hularsa na ƙarƙashin benci.
Mai saye ya ƙirga kuɗi sau biyu.
Na riƙe hular.

Malaminmu Dewey, yatsunsa tara,
bai taɓa faɗa mana labarin na goman ba.
"In kina son gindin ya tafi dama, murɗa hagu.
Tirela ba ta jin magana, madubi take ji."
Na take robobin alama har ya daina ƙirgawa.
Gwajin farko na hau dakalin titi, na faɗi,
na yi kuka a motata, hita a kunne.
Na biyu, mai jarrabawa ya rufe littafinsa
ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce.

Da lasisi ya zo, waya ta ƙi hutawa.
Kowa da alkawarinsa, kowa da tukwicin sa hannu.
Na bar su, na tafi mashayar direbobi a babbar hanya,
na saya wa wata tsohuwar direba kofi.
Ta ce, "Kada ki tambayi nawa ne mil.
Tambayi wa ke biyan zaman jira,
wa ke ɗaga waya ƙarfe ukun dare in taya ta fashe,
kuma direba nawa suka gudu bara."

Kamfanoni huɗu suka yi ta kewaye-kewaye.
Na biyar, tsohon Vosberg, mai tirela tara,
ya ce, "Biyu. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ni na kore shi."
Kuɗinsa bai kai na saura ba,
kujerar motar ta sha faci,
amma kowace Juma'a ina gida,
in wanke wa Mama kai, in jera mata magungunan mako.

Yau lodin farko: ƙwai, zuwa Minneapolis.
Ƙwai dubu ɗari biyu a bayana,
ina taka birki kamar mai lallashin jariri.
Ƙanƙarar tafki ta narke.
Can nesa wani ɗigo kore a kan ruwa,
ko shi ne, ko ba shi ba.
Na gyara hular Baba,
na ja igiyar oda sau ɗaya.